Hannun Kaka Ɗan'azumi da Jirgin Muhsina

Babura, 9 ga Mayu

Zuwa ga Muhsina 'yar Sama'ilu, jikar yayata Inno, Allah ya jiƙanta.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da mahaifiyarki, da yaran da kike koyarwa a Kaduna. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai ƙafa da ba ta son rabuwa da tabarma.

Bayan haka, Daudu direban motar shanu ya kawo mini takardarki ranar Talata. Da ya miƙo, na ce ya duba da kyau, kada ta wani ce. Ya ce, "Haba Baba, Ɗan'azumi Mai Rediyo nawa ne a Babura?" Tun rasuwar matata Baraka, shekara uku ke nan, ba wanda ya zauna ya rubuta sunana a bayan ambulan. Ashe kin riƙe maganar da na yi muku a wurin sunan ɗan 'yar uwarku Bahijja, cewa wanda ke nemana ya rubuto, don waya ba ta ajiye magana. Na karanta sau huɗu. Amaryata ta tuna da tsohon ango, ko da yake sai da ta samu matsala ta tuna.

Ga abin da na fahimta. Kina haɗa jirgi marar matuƙi, ɗan ƙarami kamar faranti, mai farfela huɗu, irin na tsere. Mai tuƙa shi yana tsaye a ƙasa da tabarau a fuska, yana ganin abin da jirgin ke gani. Kin sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, kin zo liƙa wayoyin injunan a kan allo da dalma, dalmar ta ƙi kamawa ta yi ta dunƙulewa kamar kashin awaki, da kika jona batir sai hayaƙi. Allo ɗaya ya tafi.

To, na yi dariya, amma ba ta mugunta ba. Ni ma na ƙona rediyon Malam Muhammadu Lawal a shekarata ta farko a makarantar koyon sana'a a Kazaure. Shi ya koya mini abin da zan faɗa miki yanzu. Kada ki ƙara jona batir kai tsaye a kan sabon aiki. Ki nemi ƙwan fitilar mota, ki yanke waya ɗaya ta batir, ki sa ƙwan a tsakani. Idan ya yi haske ya dushe, aikinki lafiya. Idan ya tsaya da haske fes, wayoyi sun haɗu a wani wuri, kuma ƙwan ne ya shanye wutar, allonki bai ƙone ba. Shekara arba'in da ɗaya na yi a rumfata a kasuwa, ban ƙara ganin hayaƙi ba sai na mai tsire.

Kin tambaya ko zan liƙa miki wayoyin a kan sabon allon. Wannan tambaya ce? Mutane daga ƙetaren iyaka suna ɗauko rediyo a kan raƙumi su kawo mini. Ki aiko da shi.

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki, Ɗan'azumi

*

Kaduna, 20 ga Mayu

Zuwa ga tsohon angona,

Kaka, ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya ƙafar? Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage goro. Na ce mata in ka rage goro me ya rage maka.

Kaka, ka ba ni mamaki! Na kai takardarka wurin 'yan ƙungiyarmu. Mu goma ne, muna haɗuwa ranar Asabar a wani fili bayan gari, ni kaɗai ce mace, ni ce kuma sabuwa. Na karanta musu zancen ƙwan fitila. Zaharadeen, wanda ya fi mu iyawa, ya buɗe jakarsa ya fito da wani abu da ya yi oda daga waje, mai dogon suna na Turanci. Ya ɓalle murfin, sai ga ƙwan mota a ciki! Ya ce, "Wai kakan naki a ina ya yi digiri?" Na ce a kasuwar Babura, kusa da mai tsire.

Ga kaya nan a hannun Daudu, cikin gwangwanin madara na naɗe da auduga. Allon bai kai akwatin ashana ba. Injuna huɗu ne, kowanne waya uku, sha biyu ke nan. Na zana maka inda kowacce za ta zauna. Don Allah da ƙaramin ƙarfe na lantarki, don abubuwan da ke kai ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ba sa son zafi.

Akwai tseren sababbi ranar 13 ga Yuli, ina so in shiga. Na riga na faɗa wa kowa cewa kakana ne zai yi mini liƙin, don haka kada ka ba ni kunya. Har yanzu ina tuna ka a rumfa ina 'yar shekara shida, Inno ta zaunar da ni a kan benci, kana hura hayaƙin dalma gefe don kada ya shiga idona. Hannunka ko motsi ba ya yi. Na ɗauka duk duniya ba abin da ba za ka iya gyarawa ba.

Taka,
Muhsina

*

Babura, 2 ga Yuni

Muhsina,

Gaisuwa. Kaya sun iso. Ki dakata tukuna. Ki daina faɗa wa mutane ni ne zan yi.

Ɗan'azumi

*

Kaduna, 8 ga Yuli

Zuwa ga Alhaji Ɗan'azumi,

Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya.

Yau sati biyar da samun takardarka. Sau uku Daudu yana wucewa ta nan, kowanne sai in fita bakin titi, ya ce Baba bai ba da komai ba. Na kira wayarka ba ka ɗauka. Na tambayi Daudu ko ba ka da lafiya, ya ce yana ganinka a masallaci.

Na karanta layukan nan naka har na haddace. Na gane. Baffa Yakubu ma da ya zo ya ga kayan a kan tebur cewa ya yi, mace mai shekara ashirin da bakwai tana wasan yara, a bar jin sunan gidanmu a wannan shirme. Shi ban damu ba, don bai taɓa riƙe sukundireba ba. Amma na ɗauka kai daban ne. Idan wani ya zo ya yi maka magana har ka ga abin kunya ne a haɗa sunanka da nawa, da ka faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka.

Tsere saura kwana biyar, na san ya wuce ni. Ba komai. Ina roƙon a ba Daudu kayana in ya zo. Na daina faɗa wa kowa, kamar yadda ka ce.

Ka yafe mini damun da na yi maka.
Muhsina Sama'ilu

*

Babura, 21 ga Yuli

Zuwa ga jikata Muhsina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mahaifiyarki. Nan an samu ruwa, gero ya kai gwiwa. Ba zan ce miki lafiya lau ba wannan karon, don na faɗa a takardar farko kuma ba gaskiya ba ne.

Kin kira ni Alhaji. Tun da kika iya magana ba ki taɓa kirana haka ba. Na cancanta.

Ba Yakubu, ba kowa. Ba wanda ya yi mini magana. Muhsina, hannuna ne. Shekara biyu ke nan na dama yana rawa. Da farko sai in na gaji, yanzu ko ban yi komai ba. Shi ya sa na daina cin tuwo da 'yan majalisa a ƙofar gidan abokina Hamma, na ce musu likita ya hana ni gishiri. Koko ma a ɗaki nake sha, ƙofa a rufe, don rabi a riga yake ƙarewa. A masallaci ina sa shi cikin aljihu. Takardar farko da na rubuto miki kwana huɗu na yi ina rubutawa, hagu riƙe da wuyan dama. Waccan gajerar kuwa, iyakar abin da hannun ya yarda ke nan a ranar, kuma iyakar abin da zuciyar ta yarda.

Ga abin da ya faru da allonki. Ranar da kaya suka iso, iskar farkon damina ta kayar da turakun wuta, muka yi kwana tara babu lantarki. Da ina da hankali da na jira. Amma na ƙagu in ga ko zan iya. Na shiga ɗakin Baraka inda na tara kayan rumfa, na ɗauko tsohon ƙarfena na jan ƙarfe, wanda ake sawa a gawayi. Da shi na yi shekara ashirin kafin wuta ta zo mana. Kansa ya kai babban yatsa. Na goge bakinsa da zarto har ya yi tsini, na hura gawayi a kasko, na fito da tebur tsakar gida da hantsi don haske. Na ɗaure hannuna a jikin tebur da ɗankwalin Baraka.

Kin faɗa mini ƙaramin ƙarfe. Na karanta, na ce yarinya ce, ba ta san zafin gawayi a kunci ake auna shi ba. Kuma tara na farko sun yi kyau, za ki gani da idonki, suna ƙyalli kamar azurfa. Har na fara magana ni kaɗai, ina cewa Baraka zo ki gani. A ta goma hannun ya yi tsalle. Ƙarfen ya zauna a kan allo, ban iya ɗaga shi da sauri ba saboda ɗaurin da na yi wa kaina. Zafi ya ɗaye jan ƙarfen da wayar za ta zauna a kai, ya fita ɗungurungum kamar ɓawon gyaɗa.

Na zauna a wurin har aka kira azahar.

Abin da ya sa ban faɗa miki ba, shi ne mai wuyar rubutawa. Kin nemo ni ne saboda hannun nan da kika gani kina 'yar shekara shida. Na ce a raina in ta ji ya tafi, me kuma zai sa ta rubuto? Duk zuwan Daudu sai in ce bari sai wani zuwan, ko Allah zai sa in tashi da safe hannun ya tsaya. Wayarki kuwa ina gani, ina jin kunyar ɗauka. Na gwammace ki yi ta jira da ki sani. Wannan son kai ne, kuma ya cinye miki tserenki. Ki yafe mini.

Ga kayanki nan duka. Amma ban zauna banza ba a makonnin nan. Na sa gilashin ƙara girma na bi layin da ya tsinke, na ga inda ya nufa: ƙafar wani baƙin abu mai kusurwa huɗu, na biyu daga gefe. In aka kankare wurin a hankali, aka kawo waya daga can, allon zai yi aiki. Na warware wayar daga cikin wata tsohuwar rediyo, tana cikin takarda. Na zana miki, ko da yake zanen ya yi kama da sawun kaza. Ki ba Zaharadeen ɗin nan, shi yana da hannu.

In ba ki rubuto ba, ba zan ga laifinki ba. Wannan kwana shida ta ɗauke ni.

Kakanki, Ɗan'azumi

*

Kaduna, 30 ga Yuli

Kaka,

Ina gaisuwa. Na karanta a tsaye a bakin titi, Daudu yana tambayata ko rasuwa aka yi.

Na ɗauko takardunka uku na jera. Rubutun yana nan yana faɗa mini tun ta farko, ni ce ban duba ba, ina ta neman abin da ya shafi jirgi. Ni ce da neman gafara. Amma kai ma, tsoho, ka ɗaure hannunka da tebur kamar akuyar Sallah? Da gawayin ya zubo fa?

Na ga taran nan. Zaharadeen ya juya allon ya ce wane inji ne ya yi wannan. Ban ba shi aikin ba, kuma ba zan ba shi ba. Zanenka ban gane komai a ciki ba, don haka sai mai zanen ya yi bayani da bakinsa. An ba mu hutu. Ranar Alhamis ta sama zan shiga motar Kano, in kama ta Babura, Umma ta yarda in sauka gidan Bahijja. Zan zo da ƙaramin ƙarfe mai aiki da batir, ko an ɗauke wuta ba ruwanmu. Ka fito da tebur. Kai ido, ni hannu.

Kuma za mu je asibiti a Kazaure a duba hannun. Wannan ba shawara ba ce.

Amaryarka,
Muhsina

*

Babura, 28 ga Agusta

Zuwa ga amaryata mai taurin kai,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kin sauka lafiya, kin sami mahaifiyarki lafiya. Nan gero ya fitar da kai. Ina shan maganin da suka ba ni a Kazaure safe da yamma. Rawar ba ta tafi ba, likitan ma bai yi alkawari ba, amma jiya na sha koko riga ba ta sha ba.

Gidan ya yi shiru tun da kika tafi. Teburin yana inda muka bar shi, ban ɗauke ba. Ina zama a gabansa ina tuna yadda kike riƙe ƙarfe kamar za ki soki kura, ina cewa zafafa wurin tukuna, dalma ita za ta bi zafi da kanta, kina cewa "Kaka numfashinka yana kaɗa mini waya, ja baya." Sau biyar kika yi ta goman nan kafin na yarda. Na san kin ji haushi a ta huɗu, na ga bakinki. Amma ta biyar ɗin, Malam Muhammadu Lawal ma ba zai ce komai ba. Da ƙwan ya yi haske ya dushe, kin yi ihu, ba ki ga na juya baya ba. Hayaƙin dalma ne ya shiga idona.

Labarin filin ƙwallo bai mutu ba a garin nan. Gara da muka sanar da mai unguwa tun da wuri, don an ce wasu sun ji ƙarar sun ɗauka zuma ce ta taso. Hamma yana ta ba da labarin yadda kika sa mini tabarau, jirgin ya tashi, na kama wuyan rigarsa ina cewa a riƙe ni zan faɗo, alhali ina zaune a kan kujera. Ƙarya yake ƙarawa, amma kaɗan. Shekara saba'in da takwas ina garin nan ban taɓa ganin saman bishiyar dalbejiya ba. Ba ya manta kuma yadda kika ƙarasa da jirgin cikin gonarsa, ya ce a faɗa miki zangarniya uku kika sare, in za ki dawo girbi ki zo da wuri.

Ranar da kika tafi na ɗauki kwanona na fita ƙofar gidan Hamma, kamar yadda kika sa na yi alkawari. Na zauna, na ciro hannun daga aljihu na ajiye a kan gwiwa kowa yana gani. Na ce ga gishirin da likita ya hana ni. Hamma ya dube ni ya ce, "Ɗan'azumi, shekara biyu muna kallon aljihunka yana rawa a sahu. Mun ɗauka ɓera kake kiwo. Matso da kwanon." Miya ta zuba a tabarma, ba wanda ya mutu.

To yanzu kin iya. Na ga liƙinki na ƙarshe, ba ki buƙatar kowa. Ki riƙa goge bakin ƙarfe kafin ki ajiye, kada ki bar batir a rana, kuma ƙwan nan kada ki rabu da shi ko kin zama gwana. Iyakar abin da na sani ke nan, na juye miki shi kaf, tulun ya ƙare. Ba na so ki riƙa wahalar da kanki kina ƙirƙiro tambaya don tsoho ya ji daɗi. Kina da aiki da ɗalibai. Kwana goma sha ɗayan nan sun ishe ni tunawa.

Allah ya tsare, ya ba ki sa'a a tseren Oktoba.
Kakanki, Ɗan'azumi

*

Kaduna, 14 ga Oktoba

Tsohon angona,

Ina gaisuwa. Yaya hannun, yaya girbi? Umma tana gaishe ka, a gaida Baba Hamma da ɓeransa.

An yi tsere ranar Asabar. Mu bakwai ne sababbi, na zo ta shida, kuma na bakwai batirinsa ne ya ƙare. A zagaye na uku na daki ƙofar da ake bi ta ciki, farfela biyu suka karye, waya ɗaya ta cire. Ba ta goman ba ce, ita tana nan daram. Na zauna a ƙasa na liƙa a wurin, na sa ƙwan, ya yi haske ya dushe. Ban tambayi kowa ba.

Ka ga ke nan ba ni da matsala. Ka girgiza ambulan ɗin, ba allo, ba waya, ba zane. Ka duba takardar gaba da baya, ba tambayar aiki ko ɗaya. Rubutowa kawai na yi, kuma in Daudu zai wuce bayan sati biyu za ka ga wata.

Ka amsa ko da layi uku ne. Yanzu na iya karanta su.

Taka,
Muhsina